Neman ɗaki a Jamus: in tura kuɗin ko in dakata?

Dan_Kofar_Sauri: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu fita. Allah Ya nufa na samu gurbin karatun digiri na uku a fannin noma a jami'ar Gottingen da ke Jamus, kuma cikin watan Oktoba ake son in kasance can. Maganar biza ta yi nisa, amma zancen masauki ya hana ni barci. Na cike takardar neman ɗaki a gidajen ɗalibai, sun amsa mani cewa ina cikin layi, ba su faɗi ranar da zai zo kaina ba. To jiya na ga wani gida a Facebook, ɗaki biyu da kicin da komai na amfani a ciki, yuro 450 a wata. Mai gidan ya ce aiki ya kai shi Sifaniya, in tura mashi yuro 900, na ajiya da na wata ɗaya, zai aiko da makulli ta kamfanin aika saƙo. Har hoton fasfonshi ya turo mani. Abin da ya ja hankalina shi ne ina da iyali, mata da yara biyu, ɗaya shekara 7 ɗaya 3, kuma ban son in bar su. In tura? Kuma yana yiwuwa mu tafi gaba ɗaya tun farko?

Injiniya_Hanofa: Wa alaikumus salam. Malam, don girman Allah kada ka tura ko sisi. Wannan tsohuwar damfara ce, kowa a nan ya san ta. Kullum mai gidan ya yi tafiya, kullum makulli a hanya yake, kuma fasfon da ya turo maka na wani bawan Allah ne da suka damfara kafin kai. In ka tura mashi hoton naka, da shi za su yaudari na gaba.

Abban_Sadiq: Allah Ya sanya alheri, Ya sa a gama lafiya. Ni dai ban san Jamus ba, amma ko a Sabuwar Unguwa ba ka biyan gidan da ba ka taka cikinshi ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Dan_Kofar_Sauri: Innalillahi. Wallahi na riga na tura mashi hoton takardar gurbin karatuna, amma fasfo ban tura ba. Na gode Injiniya. To ina zan sauka ranar da na isa?

Injiniya_Hanofa: Takardar gurbi da sauƙi, ka toshe shi kawai. Bari in yi maka bayani a tsanake, domin abin da ya fi wahalar da sabon zuwa shi ne rashin sanin cewa a Jamus adireshi shi ne tushen komai. Doka ta ce cikin kwana 14 da tarewarka gida ka je ofishin gari ka yi rajistar wurin zama, abin da suke kira Anmeldung. Ba za su yi maka ba sai ka kawo takardar da mai gida ya sa hannu cewa lallai a gidanshi kake. Bayan rajistar ne lambar harajinka za ta zo ta gidan waya, da ita kuma za ka nemi katin izinin zama, bankuna da yawa ma sai sun gan ta. Saboda haka duk ɗakin da za ka kama, ko na wata biyu ne, tambayar farko ita ce: za a ba ni takardar rajista? In aka ce a'a, ka san kwana kawai ka saya.

Gottingen gari ne ƙarami, mutanensa wajen 120,000, amma ɗalibai sun kusa kashi ɗaya cikin huɗu na garin. Jami'ar tun 1737 take. A watan Satumba da Oktoba dubban mutane ke neman ɗaki lokaci guda, shi ya sa layin ya yi tsawo. Shawarata ka rubuta wa farfesan da zai duba aikinka yau ɗin nan, ka kuma rubuta wa ofishin da ke karɓar baƙin masu bincike. Kada ka ji nauyi, sun saba. Sau da yawa akwai ɗalibin sashen da zai tafi aikin bincike na wata uku ko shida, ya bar ɗakinshi da kayanshi ga wani. Irin wannan shi ne mafi kyau ga baƙo: ka samu gado, ka samu adireshi, sannan ka nemi na dindindin da ƙafarka.

Yar_Rafindadi: Na goyi bayan Injiniya. Ni shekarata ta uku ke nan a Jamus, kuma da ɗakin aro na fara. Abin da zan ƙara, Yaya, ka buɗe shafin WG-Gesucht tun yanzu. WG ɗin, da ake furtawa We-ge, shi ne gidan haɗaka, kowa da ɗakinshi amma kicin da banɗaki ɗaya. Su 'yan gidan ne ke zaɓen wanda zai shigo, sai sun kira ka sun yi hira da kai kamar mai neman aiki. Na tura saƙo ya fi arba'in kafin mutum uku su amsa mani. Abin da na gane daga baya, saƙon "ina son ɗakin nan" ba a karanta shi. Ka faɗi sunanka, shekarunka, abin da kake karantawa, wa ke biyan kuɗinka, ba ka shan taba, kana son tsabta. Wanda ke da tallafin karatu ya haɗa da takardar, tana da nauyi sosai a wurinsu.

Malam_Na_Gobarau: Ni wannan haɗakar ce ban gamsu da ita ba. Na ji an ce maza da mata ake haɗawa gida ɗaya, firij ɗaya, ga giya ga naman alade. Magidanci mai iyali ya je ya zauna a haka? A yi hattara. Karatu ba zai sa mutum ya sayar da addininshi ba.

Yar_Rafindadi: Allah Ya gafarta Malam, maganarka gaskiya ce, akwai irin waɗannan gidajen, su ne ma suka fi yawa. Amma a shafin ana rubuta ko maza ne zalla ko mata zalla, kuma kana iya tacewa. Ni da mata biyu nake zaune, ɗaya Bajamushiya ɗaya 'yar Indonesiya. Tukwanena daban, soson wanke-wankena daban, ɓangarena a firij daban. Tun ranar farko na faɗa masu dalili, ba wadda ta ɓata rai. Abin da ya fi kawo saɓani ma ba abinci ba ne, banɗaki ne. Banɗakinsu ba shi da magudanar ruwa a ƙasa kamar namu. In ka yi tsarki da buta ko ka yi alwala ruwa ya zuba, nan zai kwanta, na bayanka ya shigo da safa ya taka. Satina na farko an manna mani takarda a jikin madubi. Tun daga ranar na ajiye tsumma na musamman bayan ƙofa, in na gama in goge tas, in ɗauke butata in kai ɗaki.

Malam_Na_Gobarau: To madalla, ɗiyata. In akwai na maza zalla, shi ke nan. Allah Ya tsare mana ku.

Bature_Kofar_Kaura: Ni a Kobantiri nake, Ingila. Wallahi ku na Jamus kun ji daɗi. Lokacin da na zo a 2022 duk gidan da na nema sai su ce in kawo mai tsaya mani wanda ke zaune a ƙasar kuma yana da albashi. Wa na sani? Ƙarshe kuɗin wata shida na biya a dunƙule. Abu ɗaya mai kyau a nan, kuɗin ajiya ba ya wuce na mako biyar, kuma dole a sa shi a asusun da hukuma ta amince da shi. Ɗalibi mai cikakken karatu kuma ba ya biyan harajin ƙaramar hukuma. Amma zancen iyali, tun Janairun 2024 an hana masu digiri na biyu na aji kawo mata da yara, sai masu bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyi. Ka bincika ko Jamus ma sun yi haka.

Injiniya_Hanofa: Bature, Jamus ba su hana ba, amma sun sa sharaɗi. Sai ka nuna kuɗin da zai riƙe su, da inshorar lafiya, da gida mai isasshen fili. Ma'aunin da ake bi shi ne murabba'in mita 12 ga duk wanda ya wuce shekara 6, 10 ga wanda bai kai ba. Dan_Kofar_Sauri, lissafa naka: kai, maiɗakinka, babban yaron, 36 ke nan, ƙaramin 10, ya zama 46. Ɗakin ɗalibi bai kai ko rabin haka ba. Kuma ita bizar iyali tana ɗaukar watanni. Shi ya sa kusan kowa gaba yake yi, su biyo baya.

Maman_Hanif_Daura: Ku yi mani uzuri in sa baki, tun da duk maza ke ta lissafin mita. Maigidana ya tafi Malesiya karatu, aka ce mani wata uku zai aiko mu taho. Sai da na yi shekara ɗaya da wata bakwai. Ba laifinshi ba ne, Allah Ya sani, kuɗin ne ba su isa ba. Amma abin da ya fi ci mani rai, ba a taɓa zaunar da ni an faɗa mani gaskiyar lamari ba. Kullum "wata mai zuwa in sha Allahu". Hayar gidanmu ta ƙare ba a shirya ba, aka kwashe kayana cikin motar a-kori-kura, rabi gidan surukaina rabi gidanmu, kujeruna suka kwana biyu a zaure kafin a samu inda za a cusa su. Malam, kafin ka nemi ɗaki a Jamus ka gama da ɗakin da za ka bari a Katsina. Ka biya hayar shekara cikakka, ka bar mata abin cefane a hannunta ba a hannun wani ba, ka ce mata shekara ɗaya. In Allah Ya kawo sauƙi a wata shida, sai ta yi murna.

Hajiya_Goruba: Allah Ya yi maki albarka Maman Hanif. Kin faɗi abin da ke cikin zuciyar mata da yawa.

Abban_Sadiq: Amma Maman Hanif, ba gara ta koma wurin mahaifiyarshi ba? Mace da ƙananan yara su kaɗai a gida, a wannan zamanin? Ga tanadin kuɗin haya kuma.

Maman_Hanif_Daura: Abban Sadiq, wannan tsakaninsu ne. Wata za ta so, wata ba za ta so ba. Ni dai cewa na yi a tambaye ta. Wata ƙanwarta ko ƙaninshi na iya zuwa su taya ta zama ai.

Dan_Kofar_Sauri: Maman Hanif, na karanta mata saƙonki, shiru ta yi, daga baya ta ce haka ne. Gaskiya ni ma "wata uku" nake ta ce mata. Na gode ƙwarai.

Dakta_Serdang: Tun da an ambaci Malesiya. Ni a jami'ar Putra Malaysia (UPM) na yi, a Serdang. Can samun gida ba wuya, dillalai ne ke bin ka. Ka'idar da aka saba ita ce ajiyar wata biyu, hayar wata ɗaya, da rabin wata na wuta da ruwa. Ga masallaci ko'ina, ga abincin halal, ga zafi irin na gida. Mai iyali da ya samu zaɓi, ni Malesiya zan ce mashi.

Injiniya_Hanofa: Dakta, ai ya riga ya samu Jamus, kuma a jiharsu ta Lower Saxony jami'ar gwamnati ba ta karɓar kuɗin makaranta, sai kuɗin zango kawai. Mu dawo kan gida. Akwai abin da ke rikita 'yan Najeriya a tallar haya. Za ka ga kuɗi biyu: haya mai sanyi da haya mai ɗumi. Mai sanyi kuɗin ginin ne tsura. Mai ɗumi an haɗa da ɗumama gida, ruwa, kwashe shara da sauransu. Wutar lantarki da intanet galibi daban suke, kai za ka ƙulla da kamfani. Kuɗin ajiya doka ta ce kada ya wuce haya mai sanyi ta wata uku, kuma kana da 'yancin biya kashi uku. Dillali kuma, tun 2015 wanda ya ɗauke shi aiki shi ke biyanshi, yawanci mai gida. Ba irin namu ba da za a ce kawo na ejan, kawo na lauya. Sannan a kula: gidan iyali da yawa fanko ake bayarwa. In na ce fanko, ba murhu, ba wurin wanke-wanke, wani lokaci ko ƙwan fitila babu, wayoyi ne kawai ke lilo daga silin.

Sani_Dutsinma: Ƙwarai kuwa. Ni abin da ya ci ni shi ne ɗumin nan. Na zo daga Dutsinma inda sanyi ke nufin hunturu na wata biyu da rigar sanyi ɗaya. Sanyin farko na murɗe hita har ƙarshe dare da rana, na rufe taga ruf, a ɗaki nake shanya, a ɗaki nake dumama tuwo. Wajen watan Fabrairu na janye wadrob don in share, sai na ga bango ya yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa har tsayin ƙuguna, kamar an shafa toka da ruwa. Bayan akwatina ma ya yi furfura. Ashe danshi ne. Su Jamusawa ko ana ƙanƙara sai sun buɗe taga gaba ɗaya na 'yan mintuna, safe da yamma, iska ta sauya. Da na tashi an cire kuɗin gyaran bango daga ajiyata. Bayan haka ga wasiƙar lissafin shekara, domin abin da kake biya duk wata na ɗumi ƙiyasi ne, in ka sha fiye da haka sai ka cika. Na cika abin da ya kusa hayar wata guda. Don Allah ranar da za ka karɓi makulli ka ɗauki hoton kowane lungu, da lambar mita, kuma a rubuta duk wani tabo a takardar miƙa gida.

Bature_Kofar_Kaura: An ce kuma kowane mutum sai ya biya kuɗin talabijin ko ba shi da ita?

Yar_Rafindadi: Ba kowane mutum ba, kowane gida. Yuro 18.36 a wata. Mu uku muke raba namu. Wasiƙarsu na zuwa da kanta bayan ka yi rajista, kuma kada a yi watsi da ita, taruwa take yi. Maganar wasiƙa ta tuna mani: Yaya, ranar da ka tare ka manna sunan mahaifinka, wato sunan da ke fasfo, a jikin akwatin wasiƙa da ƙararrawa. Ma'aikacin gidan waya suna yake bi. Katin bankina sau biyu yana komawa saboda ban san haka ba.

Hajiya_Goruba: Ni tambayata ta abinci ce. Ɗana ma yana shirin tafiya baɗi. Za a iya haɗa mashi kilishi da man shanu?

Sani_Dutsinma: Hajiya, a'a. Nama da duk abin da aka yi da madara an hana shiga da su Tarayyar Turai a kayan matafiyi. Kilishi, dambun nama, man shanu, duk ƙwacewa za a yi a filin jirgi. Ni kuka da kuɓewa busassa da daddawa da yaji nake tahowa da su, a ƙulle da kyau. Daddawar dai a sa ta cikin kwalba mai murfi, kuma in zai yi miya a gidan haɗaka ya buɗe taga ya rufe ƙofar kicin. Naman halal akwai a shagunan Turkawa da Larabawa.

Hajiya_Goruba: To Allah Ya saka. Ashe da na yi asarar kilishi.

Tsohon_Malami: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ni na yi nawa zaman Turai tun kafin a haifi da yawa daga cikinku, lokacin wasiƙa ke ɗaukar makonni kafin ta iso Katsina. Ɗana, duk abin da suka faɗa maka na takardu ka riƙe. Abin da zan ƙara shi ne kaɗaici. A watan Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba duk su same ka a wurin aiki. Ka dawo ɗaki, ba sallamar maƙwabci, ba kukan yaro, ba ladan. Ranar Lahadi shaguna a rufe. Mutumin da ya saba zaman majalisa bayan isha'i, wannan shirun na iya karya shi fiye da sanyi. Saboda haka kada araha ta kai ka ƙauyen da motar ƙarshe ke tashi da wuri. Gara ƙaramin ɗaki inda za ka iya taka keke zuwa masallaci da wurin mutane. Juma'ar farko ka je da wuri, ka gaisa da kowa, ka faɗi cewa kai baƙo ne kana neman gida.

Injiniya_Hanofa: Baba ya faɗi gaskiya. Gidan da nake ciki da iyalina yanzu, a bakin masallaci na ji labarinshi, wani ɗan Siriya ne zai tashi ya kai ni wurin mai gidan da kanshi. Mai tashi yana ba da sanarwar wata uku, to in ya kawo wanda zai gaje shi, mai gida ya huta da talla. Gottingen kuma garin keke ne, ka sayi na hannu da makulli mai ƙarfi a satin farko.

Abban_Sadiq: To in kuɗin bai isa gidan iyali ba, ba zai iya haɗawa da ɗan aiki ba? Na ji ɗalibi na da kwana 120 a shekara.

Yar_Rafindadi: Da ne 120. Tun Maris 2024 ya koma cikakkun kwanaki 140, ko rabi-rabi 280. Amma mai digiri na uku da tallafi ya fara duba sharuɗɗan masu ba shi kuɗin. Kuma ofishin baƙi kuɗin da ke shigowa tabbas duk wata suke son gani kafin su yarda a kawo iyali.

Malam_Na_Gobarau: Ni har yanzu ina ganin in da hali a jinkirta tafiyar har a samu gidan da zai ɗauke su duka. Raba miji da mata shekara guda ba ƙaramin abu ba ne.

Sani_Dutsinma: Malam, daga Katsina ba mai ba ka gidan iyali a can. Suna son su gan ka, su ga takardar shaidar ba a bin ka bashi, wadda ba ka samunta sai ka zauna a ƙasar. In ya jira gida kafin ya tafi, gurbin ne zai wuce shi.

Malam_Na_Gobarau: To ya yi istihara, ya kuma nemi albarkar mahaifiya.

Dan_Kofar_Sauri: Jama'a, Allah Ya saka da alheri. Ga inda aka kwana. Na toshe mutumin Sifaniya, kafin in toshe ma ya sake rubuto mani cewa wasu mutum biyu na jira, in yi sauri. Na rubuta wa farfesana, sakatariyarshi ta amsa da safen nan. Akwai wani ɗalibi ɗan Ghana da zai tafi gida aikin gona daga Oktoba zuwa ƙarshen Janairu, ɗaki ɗaya ne a gidan maza uku, kuma ta ce za ta tambaya ko za a ba ni takardar rajista. Maganar iyali ba mu gama ba. Ita tana son ta zauna a gidanmu da ƙanwarta, Hajiya mahaifiyata kuma ta ce lallai su dawo wurinta, ni ina tsakiya. Hayarmu watan Nuwamba za ta ƙare.

Maman_Hanif_Daura: Ka je wurin mai gidan tun yanzu, kada ka bari sai kana can. Hajiya kuma a bi ta a hankali, ka samu wani babba da take jin maganarshi.

Injiniya_Hanofa: Ɗakin ɗan Ghana ya yi, amma a tabbatar mai gidan ya san da zaman aron, a rubuce. Kuma ka tambaya ko zai bar maka bargo da tukunya. In Frankfurt za ka sauka, jirgin ƙasa mai sauri na kai ka Gottingen cikin kamar awa biyu. Ka turo mani ranar, in ban da aiki zan gangaro daga birnin Hanofa (Hannover) in tarye ka a tasha.

Hajiya_Goruba: Injiniya, shi layin gidan ɗalibai, ana iya shiga tun kafin takardar gurbi ta fito? In ana iyawa in sa yaron nan ya cike tun yau.